Amsa: Yankees ta 1927 a teburin MLB Showdown

Malam, ka tambaya ko za ka iya ƙera katunan Yankees ta 1927, ƙungiyar baseball ta New York, ka shiga MLB Showdown, wasan kati na baseball, da su gaba ɗayansu. Za ka iya ƙerawa, amma dokar 'yan wasa 20 da maki 5000 za ta matse ka.

Fara da yawan isa tudu, domin shi ne lambar On-Base, wadda mai jifa yake ƙoƙarin wucewa da Control ɗinsa (lambar iko da ke kan katinsa) haɗe da abin da dayis mai fuska 20 ya bayar. Babe Ruth yana da .486 a isa tudu da hom-ran (bugun da ke zagaye tudu duka zuwa gida) 60, Lou Gehrig kuma matsakaicin bugunsa .373 ne da hom-ran 47. Su biyun za su cinye kaso mai tsoka na makinka. Earle Combs, mai matsakaicin bugu .356 da bugun tudu uku sau 23, ka ba shi gudu sosai ka sa shi a gaba. Kada ka ƙara wa Gehrig tsada don yawan waɗanda ya kai gida, aikin mutanen gabansa ne, katin ba ya ɗaukar wannan.

Wurin rage kashewa shi ne masu tsaron tudu Joe Dugan da Mark Koenig, da kuma masu tare ƙwallo.

Inda aka fi yin kuskure shi ne mai jifa Wilcy Moore. Ya yi wasa 50, sau 12 kawai ya fara, amma ya jefa zagaye 213. In ka ba shi IP (yawan zagayen jifa a kati) 1 kamar ɗan canji na yau, ka zalunce shi. Ka ba shi 3, Waite Hoyt kuma, mai nasara 22, ya jagoranci masu fara jifa.