Sukari Ya Tarar Da Hawan Jini Da Ciwon Gwiwa: Da Wanne Zan Fara?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Ni mace ce 'yar shekara 54, ina zaune a Unguwar Rogo a nan Jos. Sana'ata tuyar masa, da ita nake riƙe da yara huɗu tun rasuwar maigidana. Shekara 8 ke nan ina shan maganin hawan jini. Gwiwoyina biyu suna ciwo, in sanyi ya sauko har sai na yi salla a zaune, kuma ina da gyambon ciki. Mako uku da suka wuce na je asibiti saboda yawan fitsarin dare da ƙishirwar da ba ta yankewa. Aka gwada ni da safe ban ci komai ba, aka ga 13.6. Likita ya ce ciwon sukari ne nau'i na biyu, ya rubuta mini metfomin. Tun ranar ban yi barcin kirki ba, don da wannan ciwon aka yanke wa gwaggona ƙafa. Na daina cin komai sai acca da ruwan shuwaka, har jiri nake gani a bakin tanda. Magani ya yi mini yawa: na hawan jini, na sukari, na ulsa, ga haɗin da wani mai kemis yake ba ni na gwiwa. Maƙwabciyata ta ce in ajiye na hawan jini tukuna in ji da sukarin. Da wanne zan fara? Azumi kuma fa?

Mai masa, Unguwar Rogo

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah Ya sa kaffara ne. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma sau uku na karanta wasiƙarki kafin in ɗauki biro.

Na yi fiye da shekara 30 ina jinya a garin nan kafin in yi ritaya, kuma na wanke ƙafafun masu sukari da ban san adadinsu ba. Waɗanda suka rasa ƙafa kusan dukkansu sai da miki ya yi makonni a gida, ana barbaɗa masa gari ana ɗaurewa, kafin a kawo su. Ke kuwa ƙishirwa kawai kika ji kika tashi da ƙafarki kika je. Kin zo da wuri, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne haɗin mai kemis ɗin nan, fiye ma da 13.6 ɗin. Ban ga ƙwayoyin da yake ƙulla miki ba, amma na san irin abin da ake zubawa a haɗin ciwon jiki: diklofenak ko ibufirofen ko ɗan'uwansu firoksikam, sau da yawa kuma a jefa firednisolon ko deksametazon a ciki, saboda su ne ke sa mutum ya tashi garau washegari har ya ce mai kemis ya iya aiki. Na farkon suna cin bangon ciki, wato suna hura gyambon da kike sha wa magani, suna ɗaga hawan jini, suna kuma wahalar da ƙoda. Na biyun kuma kai tsaye suke harba sukari sama. Ba zan yi mamaki ba in haɗin nan yana da hannu a lambar da aka gani ranar.

Ki duba ƙoda da kyau, don a nan cututtukanki suka haɗu. Ƙoda rariya ce ta ƙananan jijiyoyin jini, dare da rana tana tace jini. Sukari mai yawa yana lalata ramukan rariyar, hawan jini yana matsa mata, maganin gwiwa irin wancan yana rage jinin da ke isa gare ta. Kuma ba ta kuka sai ta kusa gazawa. Metfomin ɗin ma ta ƙoda yake fita daga jiki, shi ya sa ake gwada ta kafin a ɗora mutum a kansa, a kuma riƙa maimaitawa.

To ga inda za ki fara, cikin makon nan. Ki sami leda guda ki zuba duk abin da kike sha: na asibiti, na kemis, jiƙe-jiƙen gargajiya, har da abin da aka kawo miki tsaraba aka ce yana da kyau. Ki kai wa likitan da ya gano sukarin, ki zazzage masa a kan tebur, ki faɗa masa tsawon lokacin da kika yi kina shan haɗin. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin in akwai firednisolon a ciki kuma kin daɗe a kansa, yanke shi rana ɗaya haɗari ne, a hankali ake janye shi. Kada kunya ta hana ki. Mun saba gani, kuma likitan da bai san abin da ke shiga cikinki ba cikin duhu yake rubuta miki magani. Ki roƙi a gwada ƙoda da fitsari da yawan jini. In kuma kin taɓa ganin bayan gidanki ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, kada ki jira ranar ganin likita, alamar gyambon yana zubar da jini ce, kuma tana iya zama sanadin jirin nan.

Gwiwar ba za a bar ta haka ba. Akwai farasitamol a bisa ƙa'ida, akwai na shafawa, akwai sashen gashin ƙashi inda za a koya miki motsin da ke ƙarfafa cinya ta ɗauke wa gwiwa nauyi. In kina da jiki, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki zai taimaki gwiwa da sukari da hawan jini a tare. Mai kilo 80 ke nan ta sauke kilo 4 zuwa 8, a cikin watanni.

Shawarar maƙwabciyarki kuwa, na san don ƙauna ta ba ki, amma kada ki ɗauka. Mafi yawan masu sukari nau'i na biyu ta hanyar zuciya da shanyewar ɓarin jiki ciwon yake kayar da su, kuma hawan jini shi ne ke buɗe wannan ƙofar. Yanzu ne ma kika fi bukatar maganin fiye da shekaru takwas ɗin da suka wuce. Abin da ake nema ga yawancin masu irin lalurarki shi ne awon ya sauka ƙasa da 130 bisa 80. Mai yiwuwa likita ya ƙara miki ko ya sauya miki zuwa lisinofiril ko losatan, saboda suna kare ƙodar mai sukari. In lisinofiril ya sa ki busasshen tari, ki koma a canza, kada ki ajiye da kanki.

Lambar da kika gani, ga ma'anarta. Wanda ya kwana bai ci ba aka samu 7.0 ko sama, an shiga ciwon sukari. Inda ake so ki dawo shi ne tsakanin 4.4 da 7.2 da safe, ƙasa da 10 awa biyu bayan cin abinci. Wasu na'urorin da wani ma'auni suke lissafi, ninki 18, don haka 13.6 ɗinki zai fito 245 a cikinsu. Na sha ganin mata sun ruɗe saboda wannan kawai, su zaci ciwon ne ya yi tsalle. Akwai kuma gwajin da ake rubutawa HbA1c, mai nuna yadda sukari ya kasance a watanni uku da suka wuce. Ga yawancin mutane ƙasa da kashi 7 cikin 100 ake so.

Jikinki bai daina yin insulin ba, wato sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa naman jiki. Yana yi, amma naman jiki ya daina jin maganarsa yadda ya kamata, sai sukari ya yi ta yawo a jini ya rasa mai karɓarsa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon sukari irin naki ne. Metfomin yana hana hanta zubo sukari barkatai, yana kuma sa jiki ya ƙara jin insulin. Tsohon magani ne, tun 1957 ake ba da shi. Aibinsa shi ne yakan murɗa ciki ko ya sa gudawa a makonnin farko, don haka mai gyambo irinki ta sha shi a tsakiyar abinci ko da gamawa, kada da wofin ciki.

Yanzu acca. Mu mutanen Filato muna ji da accarmu, ni ma da gwatenta na girma, amma gaskiya acca hatsi ce, kuma duk hatsi sukari yake komawa a jini. Haka alkama, haka tamba, haka dankalin Bokkos. Wanda ya zauna ya tashi da malmala uku ta tuwon acca, sukarinsa zai hau. Shuwaka kuma ganye ne mai kyau a miya, amma zancen ɗaci yana kashe zaƙi ba shi zai sauko da 13.6 ba, kuma ruwanta da wofin ciki ba alheri ba ne ga mai ulsa. Yunwar da kika ɗora wa kanki ta ishe ki haka. Mai tsayuwa a gaban wuta tun asuba ba za ta yi aiki da ruwan ganye ba.

Ki ci sau uku, a kan lokaci. Ki raba kwanonki a ido: rabi ganye, kwata tuwo ko shinkafa ko acca, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama. Tuwon ya zama kamar dunƙulen hannunki, miya ta fi shi yawa. A nan Allah Ya yi mana gata, don mutanen wasu garuruwa sai an yi musu lodin abin da muke tsallakewa a kasuwar Farin Gada: kabeji, koren wake, latas, kokwamba, alayyafo, yalo. Ga zogale da rama na kwaɗo, ga kuka da kuɓewa. Gwate ma, in ganye ya rinjayi tsaki, abinci ne mai kyau. Alale da dafaffen wake ki riƙe su, suna daɗewa a ciki kuma ba sa harba sukari da sauri.

Abin da zan ce ki rabu da shi gaba ɗaya shi ne zaƙin da ake kurɓa: lemon kwalba, maltina, kunun zaƙi, zoɓo mai sukari, shayi mai kauri. Zuma ma zaƙi ce, tana ɗaga sukari. Gishiri kuma, saboda hawan jinin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙule da yaji. Ki rage dunƙule ki ƙara daddawa da citta da tafarnuwa.

Sana'arki ba za ki bari ba, da ita yara ke ci. Sai dai ɗanɗanon ƙullu da tsintar wadda ta fashe a tanda, in aka tara su daga asuba zuwa hantsi, sun kai kwano. Ki ba ɗaya daga cikin yaran aikin ɗanɗanawa. Ranar da kike marmari ki ci biyu da miyar taushe mai yawa, ba da sukari ba, ki lissafa su a matsayin tuwon wannan lokacin. Ki nemi kujera mai tsayi ki daina tsugunno, in kin sauke tanda kuma ki taka na minti goma a tsakar gida. Sau uku a rana ya zama minti 30, kwana biyar ya ba ki minti 150 da ake so a mako.

Bari in dawo kan gwaggo, don na san a nan zuciyarki take. Sukari in ya daɗe a sama yana kashe jin ƙafa, mutum ya taka ƙusa ko garwashi bai sani ba. A Jos lokacin da na fi tsoro shi ne Disamba da Janairu. Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya miƙe ƙafa kusa da kaskon wuta wani dare na hunturu, barci ya ɗauke shi, sai da safe aka ga dugadugansa sun tashi. Wata huɗu ina wanke masa kafin ya rufe. Don haka ban da kasko, ban da gorar ruwan zafi a ƙafa, safa mai taushi ta isa. Ruwan wanka da na alwala ki gwada shi da gwiwar hannu. Kina wanke ƙafa sau biyar a rana, to ki mai da alwalar ta zama lokacin dubawa: tafin ƙafa, dunduniya, tsakanin yatsu, sannan ki tsane su. Ki shafa mai saboda kaushi da faso, amma kada a tsakanin yatsu. Kada ki taka ƙasa ba takalmi, ballantana a wurin tuya inda mai ke fallatsa. Mai yankan farce na kan titi ki sallame shi. Ko ɗan ƙurji kika gani, asibiti a ranar. Idanu kuma a duba bayansu yanzu, sannan duk shekara, ko da kina gani sarai.

Azumi ba ni zan yanke miki ba. Ki ga likita mako 6 zuwa 8 kafin watan, da sakamakon gwaje-gwajenki a hannu. Da yawa masu shan metfomin kaɗai suna yi lafiya bayan an gyara musu lokutan sha, amma ke akwai gyambo da ƙoda da za a duba tukuna. Wanda aka yarje masa, in sukari ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.6, ya sha ruwa nan take. Na nafila ki dakata da su yanzu. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, malaminku zai yi miki bayanin ramuwa ko ciyarwa.

In wata rana aka ƙara miki gilibenkilamid ko allurar insulin, ki san su suna iya sauke sukari fiye da kima. Rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani: ki jiƙa cokalin miya ɗaya na sukari ki sha, ki sake gwadawa bayan minti 15. Ki koya wa babbar 'yarki wannan.

Kuɗin magani na san nauyi ne. Ki tambayi ofishin PLASCHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, yadda masu sana'ar hannu ke shiga. Ko a JUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, kike ganin likita, ko Asibitin Ƙwararru na Filato, ko Jankwano, ki tsaya wuri ɗaya, kati ɗaya, don duk tarihinki ya zauna a fayil guda. Ki sayi ƙaramin littafi, ɗaya daga cikin yaran ya riƙa rubuta miki awon sukari da na jini da kwanan wata.

Ki rubuto mini bayan kin kai ledar, ina so in ji abin da aka samu a cikin haɗin nan. Ki gaishe mini da yara. Allah Ya ba ki lafiya, Ya jiƙan maigida.