Tambaya da Amsa: Aikin Kula da Gidan Tarihi

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata ta gama sakandare a nan Jidda, ta ce aikin gidan tarihi take so. Me ake karantawa, kuma mene ne aikin takamaimai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Galibi digirin farko a ilimin tono kayan tarihi ake yi, ko tarihin zane da gine-ginen Musulunci, sannan digiri na biyu a fannin gidajen tarihi. Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad ta daɗe a harkar. Malamanta ne suka tono Ƙaryatul Fau, kufan wani tsohon gari na kafin Musulunci a kudancin Saudiyya, tun shekarun 1970. Wuraren aiki sun ƙaru. Ga Gidan Tarihi na Ƙasa da aka buɗe a Riyad a 1999, ga cibiyar al'adu ta Ithra a Zahran, ga Hukumar Gidajen Tarihi da aka kafa a 2020. Amma a duba maganar takardu da wuri, don guraben gwamnati yawanci na 'yan ƙasa ne.

Ta sani baje koli kaɗan ne daga cikin aikin. Mafi yawansa a rajista da ma'ajiya yake. Duk abin da ya shigo sai an ba shi lamba mai ɗauke da shekara, a auna shi, a ɗauki hotonsa, a rubuta daga hannun wa ya fito, shi kuma ina ya samo. Tulu mai kyau da ba a san asalinsa ba, rabin darajarsa ta tafi, wataƙila ma na sata ne. Sai gadin ɗaki: sanyi tsakanin digiri 18 da 22, laimar iska wajen kashi 45 zuwa 55, hasken da ke sauka kan takarda da tufa kada ya wuce lus 50 (lus ma'aunin ƙarfin haske ne). A Jidda laima da gishirin teku ne abokan gaba. Su ke fito da koren gari a jikin tagulla, su ci ta har ta huje.

Tambaya: Muna da Alƙur'ani rubutun hannu da kakanmu ya zo da shi Makka daga Kano. Gefen warƙoƙin ya fara karyewa. Mu manne shi?

Amsa: A'a, Alhaji. Salatif yana barin tabon da ba ya fita, rufe takarda da roba mai zafi kuwa ya fi muni. Tunda warƙoƙin a warware suke, ku fara sa musu lamba da fensir a lungu, ba da biro ba, sannan ku ɗauki hoton kowanne. A taɓa shi da wankakken hannu busasshe. Safar hannu tana kama gefen takarda. A kwantar da shi cikin kwali marar asid, nesa da iskar kwandishan da bangon banɗaki, kada kuma a ɗaure shi a leda. Gafakar ma kada ku yar ko ku shafa mata mai. A ajiye ta kusa da shi, domin daga ɗinkinta da jimarta masani kan gane inda aka yi ta.