Tambaya da Amsa: Motar da Wutarta ke Ɗaukewa Ta Dawo da Kanta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina cikin tafiya sai wutar motata ta ɗauke gaba ɗaya, fitilun dashbod su mutu, inji ya tsaya, jim kaɗan kuma ta dawo kamar ba a yi ba. An sa sabon batir, ba ta daina ba. Me ya rage in canja?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka canja komai tukuna. Irin wannan matsala galibi a mahaɗar wayoyi take, inda ta saki ko ta yi tsatsa, girgiza ko zafi su raba ta, ta sake haɗuwa da kanta.

Agogon motar zai fara nuna maka hanya. In wutar ta dawo ka tarar ya goge, rediyo ma ya manta tashoshinsa, to tun daga tushe aka yanke: kan batir, manyan wayoyinsa, ko babban fis. In kuwa agogo na nan daidai, zargi ya koma kan makunnin da makulli ke shiga, ko babban rile, wato makunnin lantarki da ke buɗe wa mota wuta in an murɗa makulli. Ranar da ta sake ɗaukewa, danna hon. A yawancin motoci hon ba ya jiran makulli, saboda haka in ya yi ƙara alhali dashbod a mace, batir da wayoyinsa sun fita daga zargi.

Fara da kan batir. Kama kowanne da hannu ka murɗa. In ya motsa ko kaɗan, bai ɗauru ba. Sau da yawa sabon batir kan zo da kai ɗan siriri, tsohon maɗauri kuma ya riga ya buɗe, sai a ɗaure noti har ƙarshe amma bai kama ba. Maganinsa sabon maɗauri. Cusa ƙusa a tsakani, kamar yadda wasu ke yi, ƙara zafi da tartsatsi kawai yake. Kashe mota, ka kwance negatif da farko, yawanci da sifana lamba 10, sannan fozitif. Wanke farin garin da ya taru da bekin soda cokali ɗaya a kofin ruwa, ka goge ciki da waje da samfefa har ƙarfe ya yi haske. Wajen mayarwa fozitif ne farko, negatif ƙarshe, sai ɗan giris a sama bayan an ɗaure.

Daga nan bi wayar negatif zuwa inda aka ɗaure ta a jikin mota, da wadda ta haɗa inji da bodi. Nan ne aka fi mantawa. Waya kan ruɓe a cikin robarta, waje lafiya lau, ciki ya koma koren gari. Ido ba zai gani ba, awon ko waya ta tsinke ma ba zai nuna ba, domin silin waya ɗaya tak ya isa mitar awon wuta ta ce lafiya, alhali kik na jan sama da amfiya 100. Dole a auna lokacin da wuta ke gudana. Sa mita a DC, tsinkenta ɗaya a kan dalmar negatif ta batir, wato ƙarfen da maɗauri ke kamawa, ɗayan a ƙarfen inji, wani ya yi kik. In ta wuce volt 0.3, hanyar negatif ba ta da kyau. Tsakanin dalmar batir da maɗaurinta kuwa bai kamata a ga fiye da 0.1 ba.

In duk wannan ya fita lafiya, buɗe akwatin fis na cikin bonet. Babban fis, mai amfiya 80 zuwa 120 a yawancin ƙananan motoci, kan yi tsaga siririya da ke buɗewa in ya yi zafi. Duba ko roba ta narke ko ƙafafun rile sun yi baƙi. Bar inji yana aiki, fitilu a kunne, ka riƙa girgiza wayoyi da soket ɗaya bayan ɗaya, nesa da bel da fanka, sannan ka jijjiga makulli a raminsa. Inda fitila ta ƙifta, nan ciwon yake.

Har a gano, ka guji doguwar tafiya da tuƙin dare. In inji ya mutu sitiyari zai yi nauyi, birki kuma bayan taku ɗaya ko biyu zai yi tauri.

Tambaya: Tawa ba ta mutuwa, amma fitilu kan dushe su dawo, alamar batir a dashbod tana ƙiftawa, musamman in na kunna na'urar sanyaya mota.

Amsa: Hajiya, wannan ya fi kama da matsalar altaneta, na'urar da ke cajin batir in inji na aiki. Batir mai cikakken caji, bayan mota ta kwana, yana nuna volt 12.6, in 12.2 ne, rabi ya rage. Da inji ya tashi ya kamata a ga 13.5 zuwa 14.7, kuma ya tsaya a nan ko an kunna fitilu da na'urar sanyi. In lambar na hawa da sauka, a duba bel ko ya saki ko ya yi santsi, sai soket da notin babbar waya a bayan altaneta. In suna lafiya, galibi kabon ɗin da ke kai wuta a cikin altanetar ne ya cinye, yana taɓawa yana saki. A altaneta da yawa ana iya canja kabon da regileta, mai daidaita ƙarfin wutar, kawai. A sa rewaya ya auna AC a kan batir ma: in ya kai rabin volt, diyod, mai mayar da wutar altaneta daga AC zuwa DC, ya lalace, kuma shi ma yana rikita kwamfutar mota.

Tambaya: An ce in cire kan batir inji na aiki, in mota ba ta mutu ba altaneta lafiya. Haka ne?

Amsa: Kada ka yi, Malam. Batir ne ke shanye hauhawar wutar altaneta. Da an cire shi, wutar na iya tsalle ta ƙona kwamfutar mota ko diyod ɗin altanetar kanta, kuma ko motar ba ta mutu ba, bai nuna tana caji yadda ya kamata ba. Ɗora mita a kan batir inji na aiki, ka kunna manyan fitilu, ka karanta lambar.