Amsar tambayar ƙanenmu: in an kama mai kulob da zamba, kulob ɗin ya mutu ke nan?

Assalamu alaikum ƴan fada, ina wuninku. Ina bakin shago ne, in kun ji ƙarar babura ku yi mini uzuri.

Ƙanena, na saurari tambayarka ta daren jiya. Ka ce ka ga labarin Ba'amurken nan Josh Wander na kamfanin 777 Partners, wanda aka tuhuma da zamba a Amurka cikin watan Oktoba na 2025, kana son sanin ko kulob yana mutuwa in mai shi ya faɗa hannun hukuma. To, da farko dai tuhuma ce, kotu ce mai raba gardama, kada mu ɗauki alhakin mutum. Amma tambayarka tana da amsa.

Kamun mai kulob ba shi ke kashe kulob ba. Abin dubawa shi ne mi ya yi da dukiyar kulob ɗin tun kafin asiri ya tonu. Mutanen nan sun tara ƙungiyoyi kamar mai tara awaki: Genoa a Italiya, Standard Liège a Beljiyam, Hertha a Jamus, Red Star a Faransa, Vasco da Gama a Birazil. A watan Satumba na 2023 suka ƙulla cinikin Everton da mai kulob ɗin a lokacin, Farhad Moshiri, har suka ranta wa kulob ɗin kusan fam miliyan 200 tun ba a ba su makulli ba. Sai a watan Mayu na 2024 wani kamfani mai ba da bashi, Leadenhall, ya kai su ƙara. Abin da ya ce, a Hausance, kamar mutum ne ya jinginar maka da gona, ashe ya riga ya jinginar da ita ga wani, wata gonar ma da ya nuna maka ba tashi ba ce. Duk wanda ya taɓa zama wajen sasanta rikicin gona ya san ƙarshen irin wannan.

Everton Allah ya tsare su, don hukumar gasar Ingila ba ta sa hannu a cinikin ba har wa'adinsa ya ƙare, sannan Friedkin, masu Roma, suka saye su a Disamba 2024. Waɗanda ke cikin hannun 777 su suka sha wuya. A Standard albashi ya riƙa makara, aka hana su sayen ƴan wasa, har magoya baya suka tare motar ƙungiyarsu da kansu, wasansu da Westerlo bai yiwu ba ran nan. Ka duba irin zafin zuciyar da zai sa mutum ya hana ƙungiyar da yake so fita fili. A Birazil kuwa kotu ce ta ƙwace ragamar Vasco daga hannunsu.

Wani misalin yana kusa da mu, a Najeriya. Dozy Mmobuosi na kamfanin Tingo ya nemi sayen Sheffield United a 2023. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta ce kamfanin ya rubuta yana da dalar Amurka miliyan 461.7 a bankunan Najeriya, da aka duba abin da ke ciki bai kai dala 50 ba. Wajen jika 30 ke nan a kuɗinmu. Da cinikin ya faɗa, da wa zai biya albashi?

Ko an kai ga rushewa ma, babban kulob yakan tashi. Rangers sun koma rukuni na huɗu a 2012, suka hauro. Parma ta karye a 2015, ta koma ƙasa can, a 2018 ga ta a Serie A. Dattawanmu masu son Marseille kuma ba su manta da yadda aka saukar da su rukuni na biyu a 1994 ba, bayan badaƙalar shugabansu Bernard Tapie. Sunansu da magoya bayansu ke ɗaga su. Amma mai wankin riguna, da direba, da mai gyaran ciyawa, da yaron da aka ɗauko daga Afirka ba shi da kowa a garin, su babu mai mayar musu da watannin da suka yi ba albashi. Wannan shi ya fi ci mini rai.

Na ga ƙaramin irinsa da idona a ƙungiyar unguwarmu, shekarun baya. Wani bawan Allah ɗan kasuwa ne ke ɗauke da komai, riguna, takalma, kuɗin mota. Ran da masu bin shi bashi suka sa aka rufe shagonsa, rigunanmu da ƙwallayenmu duk suna ciki. Muna da wasa a Tasawa, yara suka taru tun bayan asuba, kowa da ƴar jakarsa, har rana ta take ba mota. Mai tsaron gidanmu, yaro ɗan shekara 17, ya zauna a kan dakali yana kuka. Ƙungiyar ba ta sake haɗuwa ba.

Shi ya sa nake yawan faɗa muku, ku duba gasarmu ta Nijar: AS FAN, Douanes, Police, Nigelec, duk da hukuma ko kamfani a bayansu. Irin su Dan Kasawa da Jangorzo na nan Maradi kuwa, sai da hannun mutanen gari.

Don haka, shugaba, ga shawarata kan tamu ƙungiyar ta matasa. Alhajin da ya ce zai taimaka mana, mu karɓa da godiya, Allah ya saka masa da alheri. Amma kayan wasa su zauna wajen ma'aji, kuɗi kuma kada a fitar sai mutum biyu sun sa hannu, tarin ɗari-ɗarinmu na kowane mako kuma kada a daina. In kun yarda mu zauna ran Juma'a bayan la'asar mu rubuta shi a takarda. Ga mai saye ya zo, sai an jima.