Hoton farko bai nuna komai ba, me ya sa za a sake?

Ƴar'uwa, Allah ya ba baba lafiya. Kin ce an kawo shi Yamai daga Tahoua da ciwon kai mai tsanani, sikana ta nuna jini a kwakwalwa, amma hoton jijiyoyi bai nuna inda ya fito ba.

Ki yarda a sake hoton. A can cikin kwakwalwa akwai ƙananan jijiyoyin jini masu siriri kamar zare. Wani lokaci bangon ɗaya yakan kumbura ya fashe. Kumburin sau da yawa bai kai milimita 3 ba, kuma gudan jini na iya toshe shi na ɗan lokaci, hoton farko ya wuce shi. Shi ya sa ake maimaitawa bayan sati 1 ko 2.

Idan an gan shi, ba dole ne a yi tiyata ba. Wasu sukan rufe da kansu, sai a sa ido. Wasu kuma ana bi ta jijiyar cinya a gyara su. Likitoci na taka-tsantsan ne domin toshe jijiyar kanta na iya kawo shanyewar ɓarin jiki.

Don Allah kada ku koma gida yanzu, kuma kada a ba shi asfirin sai da izinin likita.