Fatar idon maigidana na faɗuwa da yamma, an ce ƙari ne a ƙirji

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana tela ne, shekarunsa 47. Wata shida ya yi yana shan maganin tarin tibi a wani asibiti, tarin bai tafi ba. Yanzu da La'asar ta yi sai fatar idonsa ta sauko, zare ɗaya ya riƙa ganinsa biyu, ko tuwo ya gagare shi taunawa. Da aka yi hoton ƙirji sai aka ce yana da ƙari a taimus. Surukata ta ce maƙoƙo ne. Ciwon daji ne? Zan iya ɗauka?
Daga wata mai karatu, Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Ki kwantar da hankalinki, ba a ɗaukar wannan ciwo.

Ki gaya wa Inna ba maƙoƙo ba ne, shi a wuya yake. Taimus kuwa 'yar tsoka ce a bayan ƙashin ƙirji, gaban zuciya. Tun muna jarirai take horar da wasu fararen ƙwayoyin jini su san baƙo su san ɗan gida. Bayan balaga sai ta riƙa motsewa tana komawa kitse.

Ƙarin da ke fitowa a cikinta yawanci iri biyu ne. Taimoma ta fi yawa, a hankali take girma, sau da yawa tana nan wuri ɗaya ba ta yaɗu ba. Ɗayan, kasinoma, ciwon daji ne da ya fi saurin yaɗuwa. Dukansu ba a cika ganinsu ba, shi ya sa a ƙasarmu in tari ya daɗe kowa tibi yake fara zato.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne idon nan. Kusan mutum 1 cikin 3 masu taimoma suna da mayastiniya, wato garkuwar jiki ta juya tana toshe saƙon da jijiya ke kai wa tsoka. Da safe garau, da yamma tsoka ta gaji. Ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, ba kuma sammu ba.

Maganin farko tiyata ce, a cire taimus ɗin gaba ɗaya, babban mutum na iya rayuwa ba tare da ita ba. Idan ƙarin ya taɓa sassan jikin da ke maƙwabtaka da shi sai a haɗa da kemo, wato maganin ciwon daji, ko ƙona shi da haske. Hoton siti-sikan da gwajin tsokar da aka ciro su za su nuna ko taimoma ce ko kasinoma. Bayan aiki kuma kada ya daina zuwa asibiti, don ƙarin yakan dawo ko bayan shekara 10.

Kafin nan, kada ya sayi magani a kemis da ka. Kwinin, jentamaisin da sifro suna iya tsananta raunin tsokar. In kika ga numfashi na yi masa wuya, ko ruwa na sarƙe shi, ko fuskarsa da wuyansa sun kumbura, a kai shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.