Me ya sa jaruman finafinan samurai ke ƙarewa a wahala?

Tambaya: Malam, na kalli finafinan samurai na Japan da dama. Na yi zaton zan ga sadaukai masu alfarma, sai na tarar yawancinsu matalauta ne marasa ubangida, ƙarshensu ma ba daɗi. Haka tarihin yake, ko masu shirya fim ne suka ga dama su zubar musu da mutunci? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Tarihin haka yake, ɗan'uwa, amma su ma masu fim ɗin akwai abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya.

Bayan yaƙin Sekigahara a 1600, gidan Tokugawa ya kama mulki, Japan ta samu zaman lafiya na sama da shekara 250. Sadauki ba yaƙi sai ya koma ma'aikacin fada, takubba biyu a ƙugu, albashinsa shinkafa da ake auna masa duk shekara. Ƙananansu suka nutse a bashin 'yan kasuwa. Wanda gwamnati ta rushe gidan ubangidansa kuwa sai ya zama ronin, yana gararamba. A wannan zamanin ne aka fi rubuce-rubuce kan ƙa'idojin jarumtar da ake kira bushido, kuma Yamamoto Tsunetomo, mai littafin Hagakure da ke ɗaukaka mutuwa saboda ubangida, bai taɓa zuwa fagen daga ba. A 1876 gwamnatin Meiji, wadda ta gaji mulkin Tokugawa, ta hana samurai rataya takobi, a 1877 sojojinta, yawancinsu 'ya'yan talakawa, suka murƙushe tawayen samurai da Saigo Takamori ya jagoranta.

Da nan maganar ta tsaya, da sauƙi. Amma sojojin da suka ja Japan cikin Yaƙin Duniya na Biyu sun tono bushido, suka cusa wa matasa cewa miƙa wuya abin kunya ne, gara mutuwa. Bayan 1945 Amurkawan da suka mamaye ƙasar suka taƙaita finafinan ɗaukar fansa da biyayyar ido rufe, har zuwa 1952. Waɗanda suka dawo da takobi gaban kyamara mutane ne da suka ga inda waccan tarbiyya ta kai ƙasarsu.

Akira Kurosawa yana ƙaunar samurai, ba shakka. Duk da haka dubi Seven Samurai na 1954, wanda masu kallon fim ɗin Indiya za su ga inuwarsa a Sholay: an ɗauki mayaƙa bakwai haya a kan abinci kawai, huɗu suka mutu, kuma dukansu bindiga ce ta kashe su. A ƙarshe shugabansu ya ce manoma ne suka ci nasara.

Masaki Kobayashi shi ne ya fasa ƙwai. A lokacin yaƙin an kai shi Mancuriya, a arewa maso gabashin China, aikin soja dole, ya ƙi karɓar ƙarin girma don ƙin yaƙin. A Harakiri na 1962, wani saurayin ronin ya je gidan sarautar Ii yana roƙon a ba shi wuri ya kashe kansa, alhali fatansa a sallame shi da ɗan kuɗi, don matarsa da jaririnsa na kwance ba lafiya. Ya riga ya sayar da takubbansa, abin da ke cikin kube na gora ne. Fadawan sun gane, suka tilasta masa ya farke cikinsa da goran nan, da sunan kare martaba. Da surukinsa, mahaifin matarsa, ya zo bin kadi, ya yanke tukkun gashin uku daga cikinsu, abin da a ƙa'idarsu mutuwa ta fi shi. Sai ga su sun ɓuya a gida, wai ba su da lafiya. Bayan an zubar da jini a tsakar fada, wakilin sarki ya sa aka rubuta cewa rashin lafiya ce ta kashe mutanensa. A ganina babu fim ɗin samurai da ya kai wannan gaskiya, domin ya nuna ƙa'idar na hawa kan mai rauni, manya kuma na ajiye ta duk sanda ta taɓa su.

Idan kana son ganin rayuwar ƙaramin samurai ta yau da kullum, nemi The Twilight Samurai na Yoji Yamada, na 2002. Jarumin ma'ajin rumbun hatsi ne da ya sayar da takobinsa don jana'izar matarsa, yana saƙa kejin ƙwari da dare don ciyar da 'ya'yansa mata biyu da tsohuwarsa.